Kaza ga Ƙwai, Ni ga Mi?

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon kakanmu na wajen uba ne ya amsa kira, wanda duk gidan muke ce wa Baba Tsoho. Ya rasu ranar wata Asabar da hantsi, a farkon daminar bana, a ƙauyenmu da ke gefen Tsiga, daidai lokacin da shanun huɗa suka fara fita gona.

Ban taɓa zama a gidan makokin da mutane ke fama da dariya kamar namu ba. Mace za ta shigo da sallama, ido jawur, ta durƙusa gaban Iya, wato kakarmu matarsa, ta ce, "Iya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam." Sai ta koma gefe ta zauna. Ba a jimawa za ka ji ta ce wa ta kusa da ita, "Ni fa har ya tafi ban ba shi amsar tambayarsa ta makon jiya ba." Ta kusa da ita ta ce wacce? Ta faɗa. Wata ta jefo amsa, wata ta ce ba haka ba ne, kafin ka ankara mata shida sun rufe baki da mayafi kafaɗunsu na rawa. A ƙofar gida ma, wajen maza, an ce sai da liman ya yi gyaran murya sau biyu kafin a samu a shafa addu'a.

Ni ban same shi da rai ba. Malamar firamare ce ni a Funtua, kuma ranar ina tsaron yara masu rubuta jarrabawar shiga sakandare, wayata a kashe cikin jaka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar da ke gaban yaran a wannan sa'ar. Irin tambayoyin nan ne da ake ba ka kalma biyu masu dangantaka, a ƙara maka ta uku, a ce ka nemo ta huɗu. Ina zagaya aji ina leƙa amsoshinsu ina murmushi, ina cewa a raina in na je gida zan kai wa Baba Tsoho guda biyu masu wuya. Ashe a lokacin ana yi masa wanka. Ko da na iso ƙauye an riga an dawo daga maƙabarta.

Bayan la'asar Iya ta ja ni ɗakinta ta tura ƙofa.

"Ya bar miki saƙo," in ji ta. "Da safe bayan ya sha kunu ya ce, in Malama ta zo ki ce mata: kaza ga ƙwai, ni ga mi?"

Na ce, "Shi ke nan, Iya?"

"Ya ce kada ki bar garin nan ba ki amsa ba. Amsar tana wurina, ya faɗa mini a kunne. Kuma kada ki ɓata bakinki da roƙo, ba zan tsegunta miki ba."

Hutun kwana uku aka ba ni a wurin aiki. Tun ina 'yar shekara biyar yake jefo mini irin wannan tambayar, wata in amsa nan take, wata in kwana da ita, amma ba wadda ta taɓa gagarata. Ga ta ƙarshe ta zo, ba shi nan balle in kalli fuskarsa in gane ko na kusa. Na ji tsoro ƙwarai. Na rasa ganinsa na ƙarshe, ban so kuma in rasa maganarsa ta ƙarshe.

Baba Tsoho bai taɓa shiga ajin boko ba. Ya yi karatun allo gwargwado, sauran rayuwarsa kuwa a bayan garmar shanu ya yi ta. Shi ya sa wasan tambayarsa yake kiransa karkiya, wato itacen nan da ake ɗora wa shanu biyu a wuya su ja garma tare. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa buzunsa gindin mangwaron tsakar gida, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye shi, sai ya fara.

"Rumbu ga hatsi, randa ga mi?"

Mu haɗa baki mu ce ruwa. Ba ya karɓa.

"Ban tambaye ku ihu ba. Ina karkiyar? Mi ya haɗa rumbu da hatsi?"

Dole sai wani ya miƙe ya faɗi magana cikakkiya, cewa rumbu shi ne wurin da ake ajiye hatsi. Sannan ya ce to, a ɗauki karkiyar nan a ɗora wa randa. Randa ita ce wurin da ake ajiye ruwa. In maganar ta zauna daram a kan biyun farko, ta kuma zauna a kan biyun baya, sai ya tafa hannu sau ɗaya ya ce, "Sun ja." Wanda ya faɗi amsa daidai amma ya kasa faɗin karkiya, a wurinsa sa'a ce ya yi, kuma ba ya ba mai sa'a gyaɗa.

Wata rana ya ce, "Tsako ga kaza." Ya tsaya yana jira mu kawo namu biyun. Na yi wuf na ce, "Saniya ga maraƙi." Ina ta washe baki. Washegari da sassafe ya tashe ni ya ce in raka shi gona. Da muka isa ya sa babana ya juya shanun, bajimin da ya saba tsayawa dama aka sa shi hagu, na hagun aka kai shi dama. Aka ce su tafi. Ɗaya ya ja gabas, ɗaya ya tsaya yana hura hanci, garma ta yi wani karkataccen layi kamar tafiyar maciji. Babana yana ta mita an ɓata masa safiya.

"Kin gani?" in ji Baba Tsoho. "Shanun su ne, karkiyar ita ce, amma kin sa na dama a hagu. Ni ƙarami na fara faɗi, sannan uwa. Ke kin fara da uwa."

Na ce, "Maraƙi ga saniya." Ya ce a mayar wa mutane da shanunsu yadda suke. Yau shekarata goma sha wani abu ina koyarwa, kuma duk yaron da ya juya mini kalmomi, abin da nake ce masa ke nan, ka sa na dama a hagu. 'Ya'yan cikin garin Funtua da ba su taɓa riƙe garma ba su ma sun haddace.

Ba yara kawai yake kamawa ba. In ka zo sayen iri, ko ka biyo aron gatari, sai ka biya da amsa. Wani dillalin auduga da ke kai kaya injin gurza a Funtua ya taɓa zuwa yana ji da kansa. Baba Tsoho ya ce masa, "Alhaji, auduga ga angurya, gyaɗa ga mi?" Alhaji ya ce mai, ai wannan ko yaro ya sani, daga auduga ake samun angurya, daga gyaɗa ake samun mai. Baba Tsoho ya ce karkiyarsa ta yi sako-sako, kowace dabba ma sai ta zura kai. Daga gyaɗa ai ana samun mai, ana samun ƙuli-ƙuli, ana samun harawa, wanne zai ɗauka? Ya ce ya matse ta. Alhaji ya yi ta shafa gemu, can ya ce angurya ita ce abin da ya rage bayan an cire abin da ake nema. "To mi ke ragewa in an matse mai?" Alhaji ya ce tunkuza, wadda ake soya ƙuli-ƙuli da ita. Ya ji daɗi har ya manta abin da ya kawo shi, sai da ya kai bakin titi ya dawo.

Da wannan wasan yake yin tsiyarsa ma. Baffanmu, ƙanin babana, mutum ne mai son barcin safe. Ranar wani suna, gida cike da baƙi, Baba Tsoho ya ce, "Zakara ga asuba, baffanku ga mi?" Yara suka ce hantsi. Baffa ya yi kwana biyu ba ya cin abinci a tsakar gida. Iya ma ba ta tsira ba. Ya taɓa cewa, "Barkono ga miya, Iyarku ga gidan nan." Ta ajiye muciya ta ce wato ita ce mai yaji ko? Ya ce ita ta zaɓi wannan karkiyar, shi abin da yake nufi, miyar da ba barkono ba ya iya sha. Ta juya baya tana cewa tsohon banza, amma mun ga ta ƙara masa nama a kwano. Da zamani ya zo bai bari an bar shi a baya ba. Shi ne ya ce waya ga caji, jaki ga dusa, kuma ya ce jakin ya fi, don shi ba ya mutuwa ana tsakiyar magana.

Akwai abin da sai ɗan ƙauyenmu zai gane. A gidajenmu, a wancan lokacin, ba a cin ƙwan kaza. Ba haramun ba ne, wauta ce kawai a wurinmu, don wanda ya soya ƙwai kaza guda ya cinye tun ba ta yi fiffike ba. Ƙwai na kwanci ne. Wata safiya muzuru ya kashe wata kazar Iya da ke kwance kan ƙwai. Baba Tsoho ya taɓa ƙwan ya ji da sauran ɗumi. Sai ya cire hularsa ya jera su a ciki, ya fita da sauri-sauri, rabi tafiya rabi gudu, ya ratsa tsakiyar gari. Ba wanda ya taɓa ganin sanƙonsa sai ranar, mutane suka ɗauka gobara ce, wasu har suka biyo shi da bokiti. Gidan wata gwauruwa maƙwabciyarmu ya nufa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, don ya san kazarta ta fara kwanci. Ya tura ƙwan ƙarƙashin kazar, ya karkaɗe hula ya mayar kansa. Da na tambaye shi dalilin gudun ya ce, "Ƙwai ba ya jira. In uwar ta tafi, sai a nemo wata ta rufe shi tun da ɗuminsa, in ya huce ya zama baragurbi." Da aka ƙyanƙyashe, matar ta aiko da tsakin a kwando. Ya mayar mata, ya ce wadda ta kwanta ita ke da 'ya'ya.

Wannan ɗabi'ar tamu ce ta jawo rigimar da ta fi kowace daɗewa a rayuwarsa. Ina aji shida aka kawo mana sabon malamin Turanci, saurayi, Bayerabe Kirista haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar ta kakata. Ticha muke ce masa, duk garin ma haka. Yana shirya mu jarrabawar shiga sakandare sai ya rubuta mana a allo: kaza ga ƙwai, saniya ga me? Ya jera amsoshi huɗu: ciyawa, madara, maraƙi, garma. Na ji kamar an ba ni kyauta. Na nemo karkiya yadda aka koya mini, ƙwai shi ne ɗan da kaza za ta samu, na rubuta maraƙi. Ajin gaba ɗaya maraƙi muka rubuta. Ticha ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da jan biro. Littafi ya ce madara.

Na dawo gida da kuka. Baba Tsoho ya saurare ni har ƙarshe, ya sa babbar riga, ya hau kekensa. Muna zaune sai ga shi ya dawo da Ticha a bayan keke, shi Ticha ya riƙe takalmansa masu sheƙi sama-sama kada su taɓa ƙafar keke. Bai kai shi zaure ba, kai tsaye akurki ya kai shi. Ya lallaɓa ya zaro ƙwai ɗaya daga ƙarƙashin wata kaza da ta kusa ƙyanƙyasa, ya kara masa a kunne.

"Malam, mi kake ji?"

Ticha ya zaro ido. "Baba, wani abu na ƙwanƙwasawa a ciki."

"To madara ce ke ƙwanƙwasawa?"

Ticha ya yi dariya har ya dafa katanga. Ya ce, "Baba, ni a gindin tiren ƙwai na girma. Mamata dafaffen ƙwai take sayarwa a tashar Funtua, da shi ta biya mini makaranta. A wurinmu ƙwai abin da ake karɓa ne daga kaza a ci, kamar yadda ake tatsar saniya a sha. Wallahi ban taɓa sanin yana magana ba sai yau." Ya mayar da ƙwan da hannu biyu. Sannan ya gyara tsayuwa ya ce, "Amma Baba, a yi mini haƙuri, ina da magana. In da maraƙi mai tambayar yake nema, da tsako zai ce. Kaza ga tsako, saniya ga maraƙi. Tunda ya ce ƙwai, ba ɗan da ya riga ya fito yake nufi ba."

Ba mu taɓa ganin an mayar wa Baba Tsoho magana a wasansa ba. Ya daɗe yana kallon Ticha. Can ya ce, "Yaron nan ya iya matse karkiya. Iya, a kawo masa fura." Amma bai sallama ba. Da Ticha ya tafi ya kira ni ya ce, "In kin shiga jarrabawa, ki fara tambayar kanki wa ya haɗa shanun nan. In mutumin birni ne, ƙwai abinci ne a wurinsa, ki rubuta masa madararsa ki wuce. In kin dawo gida, maraƙi ne." Da wannan shawarar na ci jarrabawa na tafi makarantar kwana a Malumfashi, ni ce mace ta farko a gidanmu da ta je.

Daga ranar suka ƙulla abota, kuma suka daina gaisawa irin ta mutane. In sun haɗu a kasuwa, Baba Tsoho zai ɗaga hannu daga nesa ya ce, "Maraƙi." Ticha ya rusuna ya ce, "Madara, Baba." Aka mayar da Ticha Funtua, ya yi aure, ya zama hedimasta, ya yi ritaya, gaisuwar ba ta canza ba. Duk Sallah sai ya zo da gwangwanin madara, duk Kirsimeti Baba Tsoho sai ya aika masa da zakara, ya ce a faɗa masa wannan ƙwai ne da ba a soya ba.

Duk waɗannan na yi ta juyawa a raina a kwana biyun farko na zaman makoki. Maganar saƙon kuwa ba ta ɓoyu ba, don gidanmu ba a iya riƙe magana. Kowa ya zo da tasa amsar. Baffa ya leƙo ya ce gonaki ne da shanu, ai su ne abin da tsoho ya samar ya bari. Iya ta ce masa ya koma barci. Gwaggonmu, babbar 'yarsa, ta ce wannan ai ba sai an je makaranta ba, 'ya'ya ne. Iya ta girgiza kai. Ni kuma na zauna na matse tawa, na je da ƙwarin gwiwa na ce jikoki, don su ne ba su gama girma ba. Iya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da ake biya albashi a kan wannan aikin?" Na gwada suna mai kyau, na gwada zumunci, na gwada itatuwan da ya dasa. Kowanne in na ɗora masa karkiya sai in ji tana lilo.

Ranar sadakar uku na tashi da jakata a ɗaure, motar Funtua kuma ba ta wuce la'asar. An yi addu'a an raba waina, baƙi sun fara watsewa, ni ko loma ban iya kaiwa baki ba. Wajen azahar aka yi sallama aka ce Ticha ne, yana neman iso ya gaida Iya. Bai ji rasuwar da wuri ba, ya je Ilori wajen 'yarsa. Ya shigo yana dogara sanda, kansa fari fat. Ya durƙusa da ƙyar a ƙofar ɗakin Iya.

"Iya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta."

Iya ta amsa. Sai ya juya ya kalli gindin mangwaro, inda buzun ba ya nan, ya ɗaga hannu kamar yadda Baba Tsoho ke yi masa a kasuwa, ya ce a hankali, "Maraƙi, Baba. Na sallama." Matan da ke wurin suka rasa ko dariya za su yi ko kuka, suka haɗa duka biyun.

Da ya huta na kai masa ruwa, na faɗa masa halin da nake ciki. Na lissafa masa amsoshin da Iya ta ƙi. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ni ban san amsar ba. Amma gwaggonki da ke duk kun yi kuskuren ajinku na da. In da 'ya'ya ko jikoki yake nufi, da tsako zai ce. Baba bai manta maganar nan ba, shekara talatin yana jin haushinta."

Na koma bayan ɗaki na zauna kan turmi. Na yi abin da aka koya mini tun ina ƙarama, na fara tambayar wa ya haɗa shanun. Ba mutumin birni ba ne, don haka ƙwan nan ba abin ci ba ne, gonakin Baffa sun fita. Ba tsako ba ne, mu 'ya'ya da jikoki mun fita, mun riga mun fashe muna yawo da ƙafafunmu. Na faɗi karkiyar a fili, ni kaɗai, kamar mai tabin hankali: ƙwai shi ne abin da kaza ke ajiyewa kullum, da rai a cikinsa amma a rufe, ba ya fashewa sai wani ya zauna a kansa. Me Baba Tsoho yake ajiyewa kullum, a rufe, ya bar mutane su kwana a kai har ya fashe? Ai ga ɗaya a hannuna, kwana uku ina kwance a kanta. Sai kuma sanƙonsa ya faɗo mini a rai, yana ratsa gari da hula a hannu. Nan na gane abin da ya sa ya ce kada in bar garin.

Na shiga ɗakin Iya ban ko yi sallama ba.

"Tambayoyinsa ne, Iya. Kaza ga ƙwai, shi ga tambaya. Uwar ta tafi, yana so a rufe su tun da ɗuminsu."

Iya ta dube ni. Ta tafa hannu sau ɗaya. Sannan ta miƙa hannu bayan gado ta jawo buzun a naɗe ta ɗora mini a cinya.

"Ya ce in kin faɗa in ba ki. In ba ki faɗa ba in ba Baffa ya riƙa barci a kai."

Na yi dariya hawaye na zuba. Na ce, "Iya, ni fa a Funtua nake aiki."

"Funtua Makka ce? Ba mota ranar Juma'a?"

Motar la'asar ta tafi ba ni. Na shimfiɗa buzun gindin mangwaro, na zauna a ɗarare, don ban taɓa zama a kansa ba. Ban kira kowa ba. Yaran gidan da na maƙwabta, waɗanda kwana uku ke nan suna raɓe-raɓe ba su san inda za su sa kansu ba in la'asar ta yi, suka fara matsowa ɗaya-ɗaya har suka kewaye ni. Ticha ya jawo kujera. Gwaggo ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya. Har Baffa ya leƙo ta zaure.

Na ce, "Rumbu ga hatsi, randa ga mi?"

Suka haɗa baki da ƙarfi suka ce ruwa.

Na buɗe baki in yi magana, sai wata 'yar jikar Gwaggo mai shekara shida ta riga ni. Ta juya ta harari sauran, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Ba a tambaye ku ihu ba. Ina karkiyar?"

Daga ƙofar ɗaki na ji Iya ta ce, "To, ɗaya ya fashe."

Yanzu duk Juma'a in an tashi makaranta ina kan hanyar Tsiga, da sababbin tambayoyi a jaka, wasu nawa, wasu na Ticha. Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Shi da ya yi rayuwarsa yana tambayar mutane, Allah ya sa ya amsa tasa tambayar ta kabari daidai, ba tare da gargada ba. Mu kuma Allah ya ba mu ikon rufe abin da ya bari kada ya huce. Amin.